Mai Kawo wa Goggo Ruwan Zafi

Daga gida, ta hannun direban motar kaya

Zuwa ga Tobashiya, malamar jinya, jikar ƙanen kakata, wadda zumunci ya ɗaure ni da ita ba tare da an nemi shawarata ba.

Gaisuwa irin wadda ta dace daga wanda ya ajiye aiki zuwa ga wadda har yanzu ake mora. Ina fatan ke da majinyatanki kuna samun sauƙin juna. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ni bayana yana ƙara idan na sunkuya, don haka na yanke hukuncin daina sunkuyawa. Goggo kuwa, wadda ta goye ki ta raine ki, idanunta sun ƙara dushewa, gwiwoyinta kuma sai an yi lallashi da safe kafin su yarda su ɗauke ta. Tun rasuwar mijinta, Baba Mai Burodi, ba ta cika magana ba, amma tana cin abinci, tana kuma tambayar ki.

Saƙonki ya iso cewa kina so a sa wa gidan nan sola. Na karɓi wannan ƙuduri da hannu biyu, na kuma kira Mai Sola ya zo ya duba. Ya hau tsani, ya zagaya, ya sauko yana girgiza kai. Ga abin da bincikensa ya nuna. Benen da maƙwabcinmu ya gina ya shanye mana rana, bai rage mana komai ba sai wuri ɗaya tak, wato rufin ɗakin marigayi, wanda yake rufe tun da aka fitar da shi. Faɗin wurin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ko dai a jera farantan sola su ba mu lantarki, ko a ɗora tanki mai bututan gilashi ya riƙa ɗumama ruwa da zafin rana. Ya ce biyun ba za su zauna tare ba, ko da kuwa ’yan uwan juna ne.

A matsayina na namijin gidan, kuma mutum ɗaya tilo a cikinsa da ya taɓa rubuta rahoto, na zauna da kaina, muka tattauna, muka amince da lantarki ba tare da hamayya ba. Lantarki shi ne ya raba ɗan Adam da kaza, wadda dole ta kwanta idan rana ta faɗi. Da shi za a sami fanka, da firij na ajiye maganin Goggo, da ƙwan fitila a kan teburina, inda littafin tarihin aikina yake jiran haske tun daga babi na farko. Kin san duniya tana cikin asara muddin littafin nan bai fito ba, ko da yake ita duniyar ba ta sani ba tukuna.

Batun ruwan zafi kuwa, kada ya dame ki, an riga an kashe wannan magana. Kullum kafin in fito, akwai bokiti cike da ruwa yana tururi a ƙofar ɗakin Goggo. Ban bincika ba, domin mutumin kirki ba ya bin diddigin alheri, amma na tabbata Matar Tela ce ta katangarmu. Allah Ya saka mata.

Ki amsa a rubuce. Maganar waya iska ce, ba ta da fayil.

Naki, bisa tilas da kuma ƙauna,
Magatakarda mai ritaya


Daga bakin aiki

Zuwa ga Yaya Magatakarda,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa, ko da yake da za a bi gaskiyar wasan da muka gada, kai ne ya kamata ka durƙusa. Ina lafiya, sai gajiyar tsayuwa. Ka dafa mini gwiwar Goggo ka ce ina gaishe ta. Bayanka kuma ba zai warke da daina sunkuyawa ba, sai ya ƙara ƙagewa, amma na san shawarar da ba ta zo da hatimi ba, ba ka karɓar ta.

Na karanta hukuncin majalisarka mai mutum ɗaya. Yaya, Goggo ba ta ganin hasken rana tsaka, me za ta yi da ƙwan fitila? Fanka kuma ka manta ita ce mai lulluɓa da bargo ana tsakiyar zafi? Maganinta ba na firij ba ne, ni na rubuta shi. Abin da gaɓoɓinta suke so shi ne ruwan ɗumi safe da yamma, ta gasa jiki ba tare da ta jira kowa ba. Tankin nan yana ɗaukar zafi da rana, ya riƙe shi har wayewar gari. Littafinka kuwa a rubuta shi da rana, ai ita ma rana ba ta taɓa ƙin ba ka haske ba.

Sai dai ga wani abu. Na aika wa Matar Tela turmin atamfa da godiya, ta maido mini da saƙo cewa ta karɓi atamfar amma ba ta karɓi godiyar ba, don ba ta taɓa kai ruwa gidanmu ba. Ta ce ita ma tana mamakinka, wai kullum da sassafe sai ta ji ƙamshin sabon burodi yana tsallako katanga, ta ɗauka kai ne ka koyi fita da wuri.

Ashe kai ne, Yaya! Kai da ba ka taɓa tafasa wa kanka ruwan shayi ba, kake tashi a ɓoye kana hura wuta, sannan ka ɗora wa matar mutane. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Kada ka ji kunya, ba zan gaya wa dangi ba sai kaɗan. Amma hakan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan tanki, don bayan nan naka ba zai jure ɗaukar bokiti ba.

Taka,
Tobashiya


Daga gida

Zuwa ga Tobashiya,

Gaisuwa a taƙaice, domin abin da ke tafe ya fi gaisuwa tsawo. Jiki lafiya. Zuciya kuwa tana ƙarƙashin bincike.

Na musanta zargin alherin da kika yi mini, musu mai ƙarfi. Ban taɓa hura wuta a gidan nan ba, kuma ina da shaidu. Amma takardarki ta hana ni sukuni, sai na kafa kwamitin bincike, na naɗa kaina shugaba. Ga abin da aka gano, kuma ina roƙon ki karanta shi a zaune.

Da yamma bokitin yana kife a kicin, a bushe. Murhu sanyi ƙalau, na sa hannu cikin tokarsa har wuyan hannu. Ƙofar gida ni nake sa mata sakata, ni nake zare ta. Da gari ya fara haske sai na leƙa ta taga, na ga bokitin a ƙofar Goggo, tururi yana tashi. Na fita, na koma kicin, na sake sa hannu a toka: sanyi, kuma ga shatin yatsuna na jiya bai goge ba. Na dawo na sunkuya a kan bokitin, ni da na daina sunkuyawa. Tobashiya, ruwan yana ƙamshin hayaƙin itace da kwaɓin fulawa. A marikinsa kuma akwai farin gari, shatin yatsu huɗu, manya.

Kin fi ni sanin wanda yake da irin waɗannan yatsu. Kin kuma san abin da duk dangi suka sani suka yi shiru: tun aurensu, idan marigayi ya gama gashin safe a gidan burodi, yakan ɗebo ruwa daga tukunyar da ke jikin tanda, ya kawo wa matarsa kafin layi ya farka, don kada maza su gan shi su yi masa dariya.

Na shirya tambayoyina, na sami Goggo tana shan hantsi. Na ce, “Goggo, wa yake kawo miki ruwa?”

Ta ce, “Wanda ya saba.”

Na ce, “Goggo, wanda ya saba ai mun kai shi makwancinsa. Ni na riƙe makarar ta gefen dama.”

Ta ce, “Ai na ji an ce kai ne ka fara saki.”

Na bar wannan ƙazafi ya wuce. Na bayyana mata zaɓin da ke gabanmu, lantarki ko tanki, dalla-dalla yadda yaro ma zai gane. Ta juyo da idanun nan nata da ba sa tsayawa a kan komai, ta ce, “Fitila kam kada ku sa. Yana da rai ma ba ya so a gan shi da bokiti, balle yanzu.”

Na ce, “To, tankin fa?”

Ta gyara zama. Can ta ce, “Mutum bai yi muku laifin komai ba, za ku sallame shi daga aiki?”

Saboda haka ina sabunta buƙatata ta lantarki, amma na janye batun littafi. Ƙwai nake so a tsakar gida, babba, wanda zai kwana a kunne. Ba tsoro nake ji ba, ki rubuta wannan ki ajiye. Kawai dai ni mutum ne da ba ya son ma’aikacin da ba a san ta ƙofar da yake shigowa ba.

Ki hanzarta da amsa.

Magatakarda


Daga bakin aiki

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarka ta daɗe a hanya, direba ya ce ta faɗa bayan kujera. Na karanta ta a ɗakin hutunmu, na yi dariya har wata abokiyar aikina ta tambaya ko an yi mini ƙarin girma. Lallai ka ƙware. Da ka ga hujjar kaza ba ta ci ba, sai ka tono Baba daga kabari ya taya ka neman ƙwan fitila. Allah Ya ji ƙansa, Ya shirye ka.

Amma da na sake karantawa sai dariyar ta ƙare. Idan ba kai ba ne, ba Matar Tela ba ce, saura mutum ɗaya a gidan. Goggo ce. Tana da ƙaramin risho a wani wuri cikin ɗakinta, tana tashi tana lalube, ta kunna ashana da idanun da ba sa gani, ta tafasa ruwa, ta fito da shi, sannan ta gaya wa kanta Baba ne ya kawo. Garin da ka gani, ai buhunan fulawarsa suna gidan. Kewa tana sa tsofaffi fiye da haka.

Yaya, a ɗakin da nake aiki nake wanke ƙunar tsofaffi. Na san yadda zane yake manne wa cinya idan tafasasshen ruwa ya kife. Galibinsu ba sa tashi. Ba zan zauna a nan ina ɗaure wa ’yan uwan wasu ciwo ba, a aiko mini cewa tawa uwar ta ƙone saboda muna gardama.

Na riga na aika wa Mai Sola, na ce tanki. Ka buɗe masa ɗakin Baba ya ratsa da bututu, ya kafa famfo a jikin bangon kicin. Ka shiga ɗakin Goggo ka nemo rishon nan ka ɓoye. Wannan ba shawara ba ce, ka ɗauka ta zo da hatimi.

Taka,
Tobashiya


Daga gida

Zuwa ga Tobashiya, wadda ta yi juyin mulki daga nesa,

Gaisuwa. An zartar da umarninki, kuma ga rahoto, domin tarihi ya san wanda ya ce a yi da wanda aka sa.

Da farko, na binciki ɗakin Goggo tana zaune tana ji na. Na duba ƙarƙashin gado, da bayan akwati, da cikin kwanukanta ɗaya bayan ɗaya. Babu risho, babu ashana, babu ko warin kananzir. Da na gama ta ce, “Ka duba cikin matashin kai, ko na ɓoye itace.” Sannan ina so ki yi tunanin wannan: matar da ba ta iya ɗaga butar alwala sai da hannu biyu, ita ce za ta ɗauki bokitin ƙarfe cike?

Mai Sola ya zo rana tana tsaka. Na zaɓi wannan lokaci da gangan, bisa dalilan da ba sai na faɗa ba. Na ɗauko makulli na buɗe ɗakin marigayi. Na zaci ƙura da warin rufi. Abin da ya buge mu shi ne zafi, ba irin na kwano ba, irin wanda yake dukan fuska idan an buɗe bakin tanda. Ƙasa a share. Rigar aikinsa tana rataye a ƙusa, fara fat da gari. Mai Sola ya matsar da ita don ya sami wurin huda bango, sai na ga ya tsaya yana duban tafin hannunsa.

Ya ce, “Alhaji, wa ya tuɓe wannan?”

Na ce, “Mai ita.”

Ya ce, “Ai da gumi a bayanta. Yana ina?”

Na ce, “Ya ɗan fita.” Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. A iya sanina ban taɓa yin ƙarya a bakin aiki ba, kuma har yanzu ban tabbata ƙarya na yi ba.

Ya huda bangon, ya ratsa bututu, ya hau ya ɗaure tanki. Na kawo masa ruwan sha ya ce ya ƙoshi. Da zai tafi ya ce idan wani abu ya lalace in nemi wani.

Dole in yi wa na’urarki adalci: tana aiki. Kafin la’asar famfo yana zubo ruwan da zai fige kaza. Da safe ma da sauran zafinsa. Har ni na yi wanka da shi, na ji kamar a mayar da ni ofis.

Amma washegari babu bokiti a ƙofar Goggo. Yana kicin a kife. Ƙamshin ma ya ɗauke, har Matar Tela ta leƙo ta katanga tana tambaya ko mun yi faɗa da mai burodin. Goggo ta fito ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙa hannu inda ta saba taɓa marikin, ta taɓa iska. Na ce, “Goggo, ga famfo can, ruwan zafi har ya yi yawa, zo in kai ki.”

Ta ce, “Bari dai, ƙila gashi ne ya tsayar da shi.”

Ta zauna har rana ta take. Haka jiya, haka yau. Ba ta wanka, ba ta gasa gwiwa, abinci sai ta taɓa ta ture. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ina jiran umarni na gaba, tunda ke ce gwamnati.

Magatakarda


Daga gida

Tobashiya,

Shiru. An ce motar direba ta lalace a hanya, ban san ko takardata tana cikinta ba, don haka ga wata ta hannun wani fasinja.

Goggo ba ta iya miƙewa yanzu sai na ɗaga ta, kuma ba ta da nauyi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta sa na jawo mata tabarma bakin ƙofa don kada ya zo ta rasa jin motsinsa. Jiya ta kira ni da sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun ina yaro, ta ce, “Ko ka ji an ce ya yi fushi?”

Da rana tsaka bututun da ya ratsa ɗakinsa yana ƙwanƙwasawa. Na san za ki ce ƙarfe ne yake buɗewa da zafi. Na gaya wa kaina haka. Amma daga jikin ƙofa ƙarar take fitowa, daidai tsayin hannun mutum.

Ba ni da sauran ba’a. Ki ce wani abu.

Yayanki


Daga bakin aiki

Yaya,

Takardunka biyu sun zo mini tare. Na kasa cin abinci. Na nemi hutu, sun ce sai wadda za ta karɓe ni ta dawo. Zan taho da zarar an sake ni.

Ban san abin da ke cikin ɗakin nan ba, kuma na daina cewa na sani. Abin da na sani shi ne tsohuwar da ta daina ci ta daina motsi ba ta daɗewa. Na yi maganin ƙuna, ban yi tunanin wannan ba.

Ga abin da nake roƙo, ba umarni ba ne. Ba ruwan take jira ba, kawowar take jira. Ka tashi kafin ta farka, ka tara bokitin nan a famfo, ka ajiye mata inda aka saba. Kada ka yi tari, kada ka yi jawabi. Na san bayanka, na san girmanka, na san ba a taɓa ganin magatakarda da bokiti ba. Layi bai farka ba a lokacin, babu mai gani. Shi ma abin da ya dogara da shi ke nan.

Idan ta gane, ta gane. Ka ci gaba da kaiwa.

Ƙanwarka


Daga gida

Zuwa ga Tobashiya,

Gaisuwa cikakkiya a wannan karo, domin akwai abin gaisuwa. Goggo ta yi wanka. Ta ci abinci har ta ce gishiri ya yi kaɗan. Jiya ta taka da kanta zuwa inuwar katanga. Sauran bayanin kuma ki karanta shi yadda kika ga dama, ni dai ga yadda ya faru.

Na karɓi muƙamin ɗan dako ba tare da takardar kama aiki ba. Safiyar farko na tara ruwa mai zafi, na ɗauko, na ratsa tsakar gida ina tafiya kamar agwagwa, na dire a ƙofarta, na laɓe. Ta fito da rarrafe, ta tsoma yatsa, ta kai hanci. Ta ce, “Na rana ne. Sannu, Magatakarda. Mayar da abinka.” Na ci gaba da kaiwa kamar yadda kika ce, ita kuma ta ci gaba da mayar da ni. Ban taɓa ganin takardar da aka yi ta dawowa da ita haka ba.

Sai hadari ya haɗu ya ƙi watsewa. Kwanaki babu rana, sai yayyafi. A nan na gano abin da Mai Sola bai tsaya ya faɗa ba: tankinki bawan rana ne, idan uwargijiyarsa ba ta fito ba, shi ma ba ya aiki. Ruwan ya koma ɗumi-ɗumi, daga nan ya koma kamar na randa.

Safiyar da nake ba ki labari, na buɗe famfo na ji sanyi har cikin haƙori. Na tsaya ina shawara. Amma an ce in kai bokiti, ba a ce in kai idan da zafi ba, kuma ni ban taɓa karya umarni don ya rasa ma’ana ba. Na cika shi, na ɗauka da hannun dama. Gari ya yi fari-fari, yayyafi yana sauka. Goggo tana kan tabarmarta a bakin ƙofa.

Da na zo daidai ɗakin marigayi sai nauyin ya ragu. Ba zubewa ya yi ba, na duba. Marikin ne ya ɗago ta ɗaya gefen, ya daidaita, yadda yake yi idan mutum biyu suka kama. Na ci gaba da tafiya, domin ƙafafuna ba su nemi izinina ba. Ƙarfen ya fara ɗumi a tafina. Tururi ya taso ya rufe mini tabarau. Sai ƙamshin nan, kamar an buɗe tanda a gefen kafaɗata. Ban juya ba. Na kafa idona a kan Goggo, na ga ta ɗago kai tana gyara ɗankwali.

Ta ce, “Sai yanzu?” Ba da ni take ba.

Sannan ta ce, “Kai kuma sakar masa, ya fi ka sanin inda ake ajiyewa.”

Na saki. Tobashiya, bokitin bai faɗi ba. Ya ƙarasa sauran tafiyar, ya sauka a hankali a gefen ƙofa, ko ɗigo bai zuba ba.

Ban san yadda na koma ɗakina ba. Daga can na ji ƙarar ruwa a bayan gida, da muryarta tana mita, irin mitar da ake yi wa wanda ya makara.

Da rana ta sake fitowa tanki ya yi zafi, sai na koma ɗaukar bokiti ni kaɗai, ita kuma ta koma cewa in mayar. Na fahimci tsarin: ba ya zuwa inda aka riga shi aiki. Saboda haka na ari tsanin Tela, na hau rufin nan da bayana da girmana, na lulluɓe bututan gilashinki da tsofaffin tabarmi, na danne da duwatsu. Yanzu muna da na’urar ɗumama ruwa mafi kyau a layinmu, kuma tana ba da ruwan sanyi ba fashi. Ki yi haƙuri. Batun lantarki kuwa na janye shi har abada, ko an rushe benen maƙwabci kada ki tayar da shi. Akwai abin da na gode wa Allah da ban gani da kyau ba.

Aikin ya rabu kamar haka: ni daga famfo zuwa ƙofarsa, shi daga nan zuwa tata. Ba ma gaisawa.

Ki zo, tana son ganin ki da hannunta. Amma ki shirya tafiyarki yadda za ki iso da rana. Idan kuma mota ta sauke ki da sassafe, kika tarar da ni a tsakar gida da bokiti, kada ki yi sallama sai na dire hannuna, domin ban san wanda zai amsa miki ba.

Naki,
Magatakarda, mai rabin bokiti